Madam Ramatu, wadda ta soke ranar awo

Madam Ramatu ta rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina tsaye bakin famfo ina wanke hannu, ko rigar aiki ban gama sawa ba. Ɗiyarta Bibata ce ta kira daga Dogon Dutsi. Ta ce, "Yaya Mariyama, Inna ta cika bayan sallar asuba." Na ce to. Na sake cewa to. Famfo na ta zuba har sai da wani ya zo ya rufe shi.

Na Allah ne mu, wurinSa kuma za mu koma.

Tun ɗazu nake kuka, amma ku ji ni da kyau, ba kukan wadda aka kayar ba ne. Matar nan ta ci nasara, kuma sai da ta tabbatar da haka kafin ta tafi. Shi nake so in ba ku labari tun zuciyata na da zafi.

Ga waɗanda ba su san ta ba, ungozoma ce ta gidan likita, sajfam kamar yadda muke cewa a wurin aiki. A ƙauyukan Arewa, yankin Dogon Dutsi, ta yi aikinta kaf har ta yi ritaya. Ita ta rubuta ɗan littafin nan mai koren bango da kuke gani kan teburin majo, wato shugaban likitar ƙauye, ƙaramin asibitin nan, daga Tibiri har Matankari. Ni kuwa ɗalibarta ce. Duk abin da hannuna ya iya, a wurinta ya koya.

Ranar da na fara ganinta, na sauka daga kan kabu-kabu a wani gari gefen Dumega, sabuwar fitowa daga makaranta a Yamai, da takalmi mai tsini da farce zaƙo-zaƙo an shafa masa ja. Ba ta dubi fuskata ba, hannuna ta duba. Ta zaro abin yankan farce daga aljihun rigarta ta miƙo mini.

"'Yar Yamai, yanke. Hannun ga jikin mutum za shi taɓa."

Ni da aka haifa a Tibiri, aka yi mini suna a Tibiri. Amma daga ranar har ta koma ga Allah, 'Yar Yamai nake.

Ba mace ce mai daɗin baki ba, kada wani ya zo ya yi muku ƙarya don ta mutu. Tana da faɗa. Namijin da ya kawo matarsa tana naƙuda ya tsaya kan babur yana danna waya, ya san abin da ya ji. Amma kullum da rana sai ta dama fura a kwanonta ta turo mini rabi, tana mita wai na rame kamar ba a noma gero a garinmu. Da mahaifiyata ta kwanta ciwo, ita ta riƙe mini aikina har na dawo, ba ta taɓa tada zancen ba. Ranar da jinjiri ya fara mutuwa a hannuna, na shige bayan ɗaki ina kuka. Ba ta ce mini in yi haƙuri ba. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta kira ni ta ɗora mini wani jinjirin da aka haifa da rai a hannu, ta ce in yi masa wanka ruwan na hucewa.

Abu ɗaya ne ba ta yarda a faɗa a gabanta ba. In ma'aikaci ya ce mutanen ƙauye jahilai ne shi ya sa ba su zuwa likita, sai ta juyo ta tambaye shi ko ya taɓa zama ya tambayi ko da mace ɗaya dalili.

A lokacin muna da ranar awon ciki, Talata. Manya daga ofis ne suka zaɓe ta, da kyakkyawar niyya kuwa, don ranar kasuwar garin ce, suka ce ai mata dama suna fitowa. Wani proje na masu ba da taimako ya zo ya gina mana runfar kwano a gaban likita, tana kallon hanyar kasuwa, aka zana mace da ƙaton ciki a bango don ko wanda bai yi lakkol ba, bai iya karatu ba, ya gane. Ran Litinin da marece mai shela ya zaga gari yana cewa gobe awo, duk mai ciki ta fito. Wadda ta zo a auna ta, a ba ta karne, wato katin awo, da maganin ƙarin jini, a ba ta sange, gidan sauro ke nan, shuɗi, cikin leda mai hoton wata mai cikin.

Banci kuwa cika yake yi. Masu ciki na huɗu da na shida su zo su baje, ana hira, wata ma ta taho da ƙuli-ƙulin sayarwa. Rahotonmu na wata ya yi kyau, manya su yaba.

Masu cikin fari ne ba ma gani.

Su sai dai a kawo su kan amalanke, lokacin da abu ya riga ya ɓaci.

Ku da kuke 'yan ƙasar nan kun san cikin fari ba a maganarsa. Yarinya ɓoye shi take yi cikin zane da babban lulluɓi har ya ƙi ɓoyuwa. Ba ta faɗa wa uwarta da baki, balle surukai. Ga kunya, ga tsoron bakin mutane, ga tsoron iska. Dukanmu mun san wannan, iyayenmu haka suka yi, yayyenmu haka suka yi. Amma da zarar mun sa farar riga sai sanin ya tsaya a bakin ƙofa.

Sai aka kawo Rabi. Ba sunanta ba ne, ko a cikin littafin ma ba a sa na gaskiya ba.

Da damina ne, gero ya kai tsawon mutum. Aka shigo da ita kan amalanken shanu tana jijjiga, fuska ta kumbura, ta tauna harshe. A gida an ce doguwa ce ta taɓa ta, an yi turare an yi, abin ya ƙi. Madam ta auna jininta ta ga ya hau fiye da hankali, ta yi mata allura, ta kira ambilans, ta shiga da kanta ta raka ta babbar likita a Dutsi. Rabi ta rayu. Ɗan bai rayu ba.

Bayan ta samu sauƙi ta dawo gidan iyayenta, Madam ta ce in sa takalmi in raka ta gaisuwa. Muka tarar da ita zaune kan tabarma, yarinya mai kyau, shiru-shiru. Madam ta roƙi tsofaffin gidan su ba mu wuri. Sannan ta tambaye ta a hankali, ba da faɗa ba: ƙafafunki sun daɗe da kumbura, kanki ya daɗe yana sara, daga ƙofar gidan mijinki ana hango rufin likita. Me ya hana ki zuwa?

Rabi ta daɗe tana wasa da bakin tabarma. Can ta ce, "Inna, na zo hwa. Na zo hal gindin dogonyaron ga. Sai nig ga surukina zamne wurin masu goro, shina kallon runhwa. In niz zamna bisa bancin nan, da wane ido za ni dubanai? In kuma anka ba ni sange, ƙaƙa za ni ratsa kasuwa da shi?"

Ta ce ta tsaya ta sayi gishiri, ta koma gida.

Ni da Madam muka kamo hanyar komawa. Da muka iso gaban likita ta tsaya ta ƙura wa zanen nan na bango ido, macen nan mai ƙaton ciki da muke alfahari da ita. Abin da ta ce kawai shi ne, "Ashe mu munka kore ta."

Washegari ta tare tsohon majonmu tun bai sha shayi ba, ba ta bar shi ba sai da ya ce ta yi abin da ta ga dama, shi dai kada a ce da shi aka yi.

Ta soke ranar awo. Ta ce kowace rana ranar awo ce, kuma ba ranar da za a kira da sunan. Ta sa aka kwashe banci aka mai da shi bayan gini, aka kewaye da zana. Ƙofa ta zama ɗaya: mai zazzaɓi, mai ciwon haƙori, mai kawo yaro rigakafi, mai ciki, duk nan za a zauna, nan za a shiga. In mace ta shiga ciki, mu ne za mu san ɗakin da za mu kai ta, ba mutanen waje ba. Mai shela aka ce ya ci gaba da shelar rigakafin yara, ya bar maganar ciki. Zanen bango ta shafe shi da farar ƙasa da hannunta, runfar kuma ta zama inuwar babura da jakuna, su ma sun gode.

Sange ne ya fi ba ni dariya. Ta bi 'yan kasuwa ta tattaro tsofaffin buhunan hatsi. Duk yarinyar da aka ba sange sai a cire shi daga ledarsa a cusa cikin buhu, ta ɗora a kai ta wuce kamar daga wurin niƙa take. Wadda ko buhun ma take jin nauyi, sai kakarta ta zo ta karɓa wata rana. Wadda ke tsoron a ga karne a ɗakinta, a ajiye mata shi a wurinmu.

Ba a nan ta tsaya ba. Ta bi gidajen suna da bakin rijiya tana zama da tsofaffin mata. Ta je wurin masu bori, ba ta ce musu su bar turarensu ba, ta ce dai in sun ga ƙafar yarinya ta kumbura su turo ta tukuna, iskar ba gudu za ta yi ba. Samarin nan masu wa'azi suka zo da maganar cewa ba su yarda namiji ya duba matansu ba. Ta ce sun yi daidai, ta yi musu alkawari mace ce za ta duba mace, ta kuwa cika. Daga baya su ne ke ɗauko matansu a babur su sauke su bayan zana su yi gaba kamar ba su san juna ba.

Sai ga masu cikin fari sun fara zuwa. Ɗaya-ɗaya, kai a ƙasa, wai kansu ke ciwo. Madam ta ce to, mu duba kan. Ta auna jini, ta duba ido, ta duba ƙafa, a hankali har a iso inda ake son zuwa. Ba zan ba ku lissafi ba, don ba shi ne a gabana ba. Abin da na gani da idona shi ne amalanke ta rage zuwa.

Manya sun zo zagaye, suka nemi ranar awo suka rasa, suka nemi zane suka rasa. Suka ce wannan ba ya cikin tsari. Ta dama musu fura, suka sha, suka tafi suna cewa matar nan taurin kai gare ta. Ba su hana ba, ba su kuma ce wani ya kwaikwaya ba.

Haka muka yi shekaru. Sannan ta yi ritaya ta koma Dutsi.

Aka turo mana sabon majo, Majo Isufu. Mutum ne mai ƙwazo, ba ya makara, ba ya wasa da magani, amma yana son komai a jere kamar yadda aka koya masa. Ya ce haɗa kowa a banci ɗaya yana rikita masa rahoto. Ya mai da Talata, ya kira mai fenti ya sake zana macen, wannan karon ma cikin ya fi na da girma. Na yi faɗa da shi har muryata ta dishe. Kullum amsarsa ɗaya ce: a ina aka rubuta wannan tsari naku, a nuna masa takarda.

Ba ni da takarda. Kafin a gama girbi 'yan matan sun ɓace, amalanke ta dawo.

Na shiga mota na tafi Dutsi a fusace. Na tarar da Madam a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Na zazzage mata komai, ina jiran ta ɗauki mayafi mu je ta ci masa mutunci kamar yadda na san ta. Ta ci gaba da ɓararta. Da na gama ta ce, "Gaskiyatai ta. Ban rubuta ba. Aikin da nib bari cikin kaina, ai da ni yat taho gida. Zamna mu rubuta."

Haka littafin ya samo asali.

Lokacin ciwon suga ya fara cin idonta, ba ta iya dogon rubutu. Sai ta riƙa yin magana a waya tana turo mini, ni kuma in buga a na'ura ranar hutu. In na zo in karanta mata, nan ake yin ta. Ni na ce a yi da Faransanci don manya su ɗauke shi da daraja. Ita ta ce da Hausa, don matar da ke share ɗakin haihuwa ma tana da abin yi a ciki. Muka yi kwanaki ba ma ga maciji, ƙarshe aka yi shafi ɗaya Hausa, na kusa da shi Faransanci. Na taɓa sa mata wata babbar kalma ta masu taro a otel, wadda ke nufin sabon salon aiki. Ta ce me ke nan? Na yi mata bayani. Ta ce in goge in rubuta "a kai banci bayan ɗaki", in mutum ya yi haka ya gane sauran.

Ba labarinta kaɗai ta sa ba. Ta bi tsofaffin abokan aikinta da suka yi ritaya, wani a Tibiri, wata a Matankari, tana tambayar kowa wace dabara ya yi a garinsa da ta yi amfani kuma ta mutu ranar da aka canja masa wurin aiki. Ashe kowa na da tasa. Wani ya shirya masu amalanke na ƙauyuka yadda ko yaushe akwai wanda shanunsa ke kusa in naƙuda ta zo da gardama. Wata ta koya wa masu yankan cibiya na gida alamun da in sun gani ba a jira. Duk ta sa, kowa da sunansa a kan nasa.

Akwai babi guda na abubuwan da ta gwada suka ƙi. Ni na ce a cire, zai rage mata girma. Ta ƙi. A ciki har da ranar da ta tara magidanta don ta yi musu bayanin ciki, suka zo suka shanye shayi, da aka iso kan maganar kowa ya tuna yana da aiki a gona. Yau in kun tambayi ma'aikata, babin nan suka fi so.

Da muka gama sai aka shiga yawon ofis. Can a ce babu alƙaluma a ciki. Can a ce sai wane ya sa hannu, wane kuwa ya tafi taro. Takardun suka yi ta kwana a aljihun tebur, idon Madam na ƙara rufewa, ƙafarta ta fara ciwo. Ni tsoro ya kama ni, na ga za ta tafi littafin na cikin na'urata, 'yan mata kuma na can suna tsayawa gindin dogonyaro suna komawa gida. Wata rana ta ce ta gaji da jiran wane. Akwai ɗan ƙanenta mai shagon hoton takardu kusa da tasha, shi ya buga ya ɗinke. Bangon ya zama kore don takardar da ke shagonsa ke nan ranar, ba wata hikima ba ce.

Direbobin ambilans da 'yan kabu-kabu su suka raba shi, likita zuwa likita.

Na farko da ya fito, ta ce a kai wa Majo Isufu, a ce masa ga takardar da ya nema. Ya karɓa ya shige ofishinsa da shi. Sati ya zagayo, na iso aiki da safe na tarar da shi ya naɗe hannun riga, da bokitin farar ƙasa, yana shafe macen da ya sa aka zana. Na buɗe baki zan yi magana, ya ce in wuce in taya shi ɗaukar banci. Allah Ya saka masa, ba kowane namiji ke iya wannan a gaban ma'aikatansa ba. Daga baya shi ne ya miƙe a taron majo-majo ya karanta musu labarin Rabi. Daga nan manyan da suka ce babu alƙaluma suka fara tambaya ko akwai saura su ma a ba su.

Amma abin da ya fi duka daɗi bara ya faru.

Aka canja mini wurin aiki zuwa wata likita gefen Matankari, garin da Madam ba ta taɓa takawa ba. Majon wurin matashi ne, Majo Daniyel, ɗan unguwar mishan a Dutsi, bai san ta ba, bai san ni ba. Ranar farko ya zagaya da ni. Ya nuna mini ƙofa ɗaya, ya kai ni bayan gini ga banci cikin zana, ga buhunan hatsi an ninke a kusurwa. Ya ce mini, "Madam, kada ki yi mamaki, nan ba mu da ranar awo." Ya tsaya ya yi mini bayanin cikin fari da kunya dalla-dalla, kamar daga Faransa na sauka. Sannan ya jawo littafin daga aljihun tebur, duk ya sha hannu, har da tabon mai a bango, ya ce in tafi da shi gida in karanta da natsuwa, amma in dawo masa da abinsa don shi ke nan gare shi.

Ni da na buga kowane waƙafi a cikinsa.

Na karɓa da hannu biyu na ce, "To, Majo, na gode." Sai da na shiga ɗaki na rufe ƙofa na yi dariya har da hawaye.

Ganina da ita na ƙarshe wata Juma'a ce, kwanan nan. Tana kwance kan tabarma a inuwa, ta rame ƙwarai, idon ya tafi gaba ɗaya, da muryata ta gane ni. Na zauna na ba ta labarin Majo Daniyel, har ina kwaikwayon yadda yake ɗaga yatsa in yana bayani. Ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, Bibata ta rugo da ruwa tana hararata. Da ta lafa ta tambaye ni ko na gaya masa ko ni wace ce. Na ce a'a.

"Kak ki hwaɗa mishi," in ji ta. "In wanda bai san ni ba shina koya miki, to aikin ga ya hita hannuna. Yanzu in Allah Ya kira, ba ni waiwaye."

Sai kuma ta koma faɗa, wai Bibata ta bar ni zaune ba ta zubo mini tuwo ba. Na ci, na yi mata sallama, ta ce in gaida mijina da yara, in kuma daina gudu a kan babur. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Na riƙe mata alkawari har safen nan. Majo Daniyel ne ya zo ya rufe famfon. Ya ga halin da nake ciki ya tambaye ni wa ya rasu. Na ce wadda ta rubuta littafinka, kuma ita ta koya mini aiki. Ya dube ni, ya dubi ɗakinsa, ya nemi kujera ya zauna. Can ya ce in tafi Dutsi yanzu, shi zai ji da komai.

Na ɗauki jakata, sai na tuna ni kaɗai ce mace a bakin aiki yau, kuma a nan mace ke duba mace. Na ajiye jakar, na wanke fuska, na zagaya baya.

Banci cike. Ga tsohuwa da sanda, ga mai goyo, ga wata da lalle bai gama fita a ƙafarta ba, ga wasu cikin manyan hijabai sun sunkuyar da kai suna ƙus-ƙus. Na tsaya na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Wallahi ni kaina, da duk shekarun da na yi ina wannan aiki, ban iya nuna wadda ta zo awo ba. In ni ban gane ba, to ba surukin da zai gane.

Na duba su duka, har ta ƙarshe. Akwai masu cikin fari a cikinsu, sun zo da wuri, jininsu lafiya lau, kowace ta fita da buhunta a kai. Ba su san an yi mutuwa ba, ba su ma san sunanta ba.

Yanzu ina cikin mota, mun kama hanyar Dutsi, a nan nake rubuta wannan, in kun ga kuskure ku yi mini uzuri.

Ya Allah, ga baiwarKa Ramatu ta zo. Ta rufa wa 'ya'yan mutane asiri a duniya, Ka rufa mata nata. Ka yafe mata faɗanta da kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka mata shi fiye da hasken idon da ta rasa. Duk yarinyar da ta sauka lafiya saboda ta samu inda za ta zauna ba a gan ta ba, Ka kai ladan ma'auninta. Ka ba Bibata da 'yan uwanta haƙuri, mu kuma Ka ba mu ikon riƙe abin da ta bari.

Duk wanda ya karanta har nan, ina roƙonsa ya tsaya ya yi mata addu'a, kowa yadda ya saba yi. In kuma a gidanku akwai wadda ta taɓa dawowa daga likita da buhun hatsi a kai, ku gaya mata ta ce amin.